Yadda Ake Zuwa Yankari a Ga Namun Daji, a Kuma Samu Kaɗaici

Yawancin masu dawowa daga Yankari suna cewa "ai babu komai sai birai da gadu" kuskure iri ɗaya suka yi. Sun je ranar da kowa ke zuwa, sun isa da rana tsaka lokacin da duk wata dabba ta shige inuwa, sun cika mota ɗaya su ashirin ana hira ana kiɗa a waya, kafin la'asar kuma sun kamo hanyar gida. Dajin da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244 ba gidan zu ba ne. Babu keji, kuma babu wanda ya ɗaure giwa a bakin hanya tana jiran baƙi. Abin da zai nuna maka namun daji shi ne dai abin da zai ba ka hutun kaɗaici: ka zaɓi wata, ka zaɓi rana, ka kwana a ciki, ka kame bakinka.

Wane wata, wace rana

Gandun yana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi. An keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara ranar 1 ga Disamba 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan aka mayar wa jihar Bauchi da shi a 2006. Amma abin da mai shirin tafiya ya fi buƙatar sani shi ne Kogin Gaji, wanda ya ratsa tsakiyar dajin kuma ba ya ƙafewa, don maɓuɓɓugan ruwa ne ke zuba a cikinsa. Babbar giwa kan sha lita 100 ko fiye a rana. Ɓauna ma ba ta jure ƙishi. Idan rani ya yi nisa, kududdufan daji sun bushe, dole kowa ya gangaro Gaji. Nan ne za ka tare su.

Da damina, daga Mayu zuwa Satumba, ana samun ruwan sama na milimita 900 zuwa 1,000. Gamba ta fi mutum tsawo, ruwa na kwance ko'ina, dabbobi sun watse, hanyoyin cikin daji sun zama taɓo. Mai son tsuntsaye da koren daji da shiru zai ji daɗi, amma mai neman giwa zai iya wucewa ta gefenta bai sani ba. Oktoba da Nuwamba ciyawa ba ta kwanta ba tukuna. Disamba da Janairu akwai daɗin zama, da dare sanyi kan sauka har digiri 12, sai dai hazo na rage hangen nesa yana kuma dusar da hoto.

Lokacin da babu kamarsa shi ne daga ƙarshen Fabrairu zuwa ƙarshen Afrilu. Shi ne kuma lokacin da zafi ke haura digiri 40. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. In kana tafe da tsofaffi ko jarirai, ka tsaya a Fabrairu, kada ka kai su cikin bazara.

Game da rana, Litinin zuwa Alhamis ne naka. Ka guji makon ƙaramar Sallah da na babba, da Kirsimeti, da sabuwar shekara, da Ista wadda ke faɗowa tsakiyar lokacin gani mai kyau. Ƙarshen zangon karatu ma motocin makarantu ne ke cika wurin. Kwana biyu shi ne mafi ƙaranci, don yana ba ka fita huɗu: yammacin da ka isa, safiya da yammacin washegari, da safiyar ranar komawa. Kwana uku ya fi.

Hanya

Daga Bauchi za ka kama hanyar Gombe har Dindima, garin da ke bakin gadar Kogin Gongola, ka yi dama. In daga Gombe ka taso, za ka wuce Alkaleri, a Dindima ka yi hagu. Daga nan kimanin kilomita 29 ne zuwa babbar ƙofa da ke ƙauyen Mainamaji. Mutane da yawa suna zaton sun iso da zarar sun ga ƙofa, alhali akwai sauran kilomita 42 a cikin daji kafin sansanin Wikki, inda masauki yake. Jimla daga Bauchi kusan kilomita 110 ne. Ka ware awa biyu da rabi.

Ka cika tanki a Bauchi ko Gombe, kada ka sa ran mai a gaba. In daga Bauchi ne, ka yi lissafin kilomita 300, wato lita 30 ga motar da ke shan lita 10 a kilomita 100, sannan ka ƙara kai saboda na'urar sanyaya mota. Safaya mai iska, jak, sifanar taya, famfon iska, wayar haɗa batir da galan na ruwan lagireto su kasance a but. A wannan kilomita 42 ɗin, in taya ta fashe a ranar Talata, kana iya yin awa guda mota ba ta gifta ba. Kada ka wuce gudun kilomita 40 a awa bayan ka shiga ƙofa: gadu da mazo kan faɗo titi ba sallama, kuma a wannan hanyar wasu ke fara ganin abin da suka zo nema.

Wanda ba shi da mota ya ɗauki shata daga Bauchi, su yi ciniki har da ranar ɗauko shi, ya biya rabi ya riƙe rabi. Motar haya za ta iya ajiye ka a Dindima, amma daga ƙofa zuwa Wikki babu tasha.

Maganar tsaro ba a ɓoye ta. A 'yan shekarun nan an samu hare-haren 'yan bindiga a wasu ƙauyukan Alkaleri da ke gefen dajin. Kwana ɗaya kafin ka tashi ka kira ofishin gandun ka tambayi halin da ake ciki, ka kuma tambayi wani mutumin yankin ko direbobin tasha. Tafiya da rana kawai: ka bar Bauchi kafin sha ɗaya na safe, ranar dawowa ka fito daga ƙofa kafin uku. Kada ka bi wata ɓarauniyar hanya don taswirar waya ta nuna maka ta fi kusa. Ka bar wa wani a gida ranar da za ka dawo da lambar motarka, hotuna kuma ka bari sai ka koma gida ka ɗora su a Facebook.

Kafin ka biya kuɗin ɗaki

Sansanin Wikki yana da ɗakuna kimanin 110, daga manya masu falo zuwa na kwanan ɗalibai, ga gidan abinci da zauren taro. Ba dukansu ne ke cikin yanayi ɗaya ba, don haka a waya ka yi tambayoyi kai tsaye. Ƙarfe nawa ake tayar da janareta, ƙarfe nawa ake kashewa? Famfon ɗakin na kawo ruwa? Motar zagayen daji na aiki a wannan makon? Sai tambayar da ta fi duka muhimmanci ga mai neman shiru: akwai wani taro ko ayarin makaranta da aka yi wa rajista a waɗannan ranakun? Taron bita guda ɗaya mai lasifika ya isa ya ɓata maka kwana uku.

Da ka isa, ka ce a nuna maka ɗakin kafin ka biya. Ka murɗa famfo, ka kunna fanka, ka duba ragar taga ko ta yage, ka gwada sakatar ƙofa da ta taga. Ka nemi ɗakin da ke gefen sansani, nesa da gidan abinci da ɗakin janareta. Kuɗaɗen kashi-kashi ne, na shiga daban, na ɗaki daban, na zagayen daji daban, kuma suna canzawa, saboda haka ka ji farashin ranar daga bakinsu. Ka zo da tsabar kuɗi har da canji. Sabis na zuwa yana ɗaukewa, tiransifa da POS kan ƙi a daidai lokacin da ake buƙatarsu.

Kayan da ke da amfani da gaske

Ruwan sha ne kan gaba. A bazara ka lissafa lita 4 zuwa 5 ga kowane babba a rana. Mutum huɗu, kwana uku, lita 60 ke nan, wato leda shida ta fiyawota mai guda ashirin. Ka haɗa da ƙunshin gishiri da sukari na kemis. In ya ƙare, ana haɗa shi da lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ciwon kai da la'asar da fitsari ja alamar ƙarancin ruwa ne, ba sai an jira jiri ba.

Launin tufa ba ado ba ne a nan. Bakin Gaji akwai ƙudan tsando, kuma shuɗi da baƙi suke bi. Cizonsu na da zafi, yana ratsa yadi mara kauri. Fari tas kuma dabba na hango shi daga nesa. Ka sa ruwan ƙasa, ruwan toka ko kore mai duhu, mai dogon hannu, da wando mai kauri da takalmi sawu-ciki da safa. Mata su zaɓi hijabi ko mayafi na waɗannan launukan, wanda ba ya jan ƙasa. A bar turare a ɗaki, domin hancin giwa da na ɓauna sun fi idonsu aiki nesa ba kusa ba.

Sauran su ne gidan sauro, man shafawa na korar sauro mai sinadarin DEET, tocila ga kowane mutum, fawa bank a cike, hula mai faɗi, rigar sanyi in hunturu ne, da madubin hangen nesa. Mai lamba 8x42 ya fi dacewa: yana kusanto da abu sau takwas, kuma ba ya rawa a hannu kamar manya. Abinci busasshe irin su kilishi, dabino, gyaɗa, garin kwaki, burodi da kayan shayi a zuba su cikin kula ko bokiti mai murfi. Dalilin murfin na nan tafe.

Fita daji

Ba a shiga daji sai da ma'aikacin gandu. Ana fita da safe da kuma yamma, a buɗaɗɗiyar motar gandun ko a taka in mai tsawon ƙafa ce kuma an amince. Ƙaramar mota ba ta wannan aikin, yashi zai riƙe ta. In aljihu zai ɗauka, ku ɗauki mota ku kaɗai. Shi ne kuɗin da ya fi kowane amfani a tafiyar, don a motar gayya mutum ɗaya mai amsa waya ya isa ya kori garken gwanki.

Da sanyin safiya ake kama fara. Tun da dare ka daidaita da ɗan rakiya cewa za ku tashi da zarar gari ya waye, ba bayan karin kumallo ba. Daga fitowar rana zuwa tara dabbobi na kiwo a fili. Daga sha ɗaya zuwa uku suna inuwa, kai ma ka nemi taka. Daga huɗu zuwa faɗuwar rana suna gangarowa ruwa, kuma a bazara wannan fitar ce ta fi ba da giwa.

Ɗan rakiya shi ne idonka. Ka gaishe shi yadda ya kamata, "Malam, sannu da aiki", ka faɗa masa abin da kake so: ba ka sauri, ka fi son a tsaya wuri ɗaya a jira. Ka tambaye shi inda masu sintiri suka ga giwaye jiya. Su ne ke kwana a daji, labarinsu ya fi na kowa sabo. In ya yi maka aiki, ka yi masa alheri.

Kuskuren da aka fi yi shi ne yawo ba tsayawa. Ku sami wuri a bakin fadamar Gaji inda ido ke kaiwa nesa, a kashe inji, a yi shiru minti 20 zuwa 30. Minti biyar na farko ba za ka ga komai ba, daji ya ɗauke numfashi saboda ƙarar motarku. Daga nan tsuntsaye za su koma kuka. Sai ka ga abin da ka ɗauka kututture ne ya kaɗa kunne, ashe gwambaza ce tsaye tun ɗazu tana kallonku. Kada ka nemi dabba sukutum, nemi yankinta: kunne, jela mai kore ƙuda, layin baya a miƙe a tsakanin itatuwan da duk a tsaye suke. In za ka nuna wa wani, ka taɓa shi ka yi raɗa, kada ka miƙe tsaye kana nuni da hannu.

Ƙasa ma tana magana. Kashin giwa dunƙule ne kamar ƙwallo, cike da ɓawon itace da ciyawar da ba ta narke ba. In yana da danshi yana sheƙi, buzuzu sun fara mirgina shi, ba ta daɗe da wucewa ba. In ya bushe ya wargaje, na kwanaki ne. Reshen da aka karya, ɓawon ya ɗaye, cikinsa fari da ruwa-ruwa, aikin yau ne. Sawun ƙafarta ta gaba kuwa, in ka auna kewayensa ka ninka biyu, ka sami kusan tsawonta daga ƙasa zuwa kafaɗa. Ungulaye na kewaya wuri ɗaya suna sauka, akwai mushe. Birai sun hau bishiya suna haushi suna duban gefe guda, wani abu ne ke tafe a ƙasa.

Me za ka gani? An lissafa dabbobi masu shayarwa sama da iri 50 da tsuntsaye sama da iri 350. Gwaggon biri da gadu tabbas ne. Gwambaza, mazo, jan biri da kirka ana yawan haɗuwa da su. Ɓauna, gwanki, kanki, dorina da kada sai an ɗan yi haƙuri. Giwayen Yankari na cikin garkuna mafi girma da suka rage a Najeriya, amma adadinsu bai wuce ɗari da 'yan kai ba a wannan makeken dajin, don haka gani rabo ne, kwana uku ne ke ƙara rabon. Zaki na nan, 'yan kaɗan ne ƙwarai, kuma mai hankali ba ya ɗora tafiyarsa a kansa. In ka ji gurnaninsa da asuba daga nesa, ka ci riba. Kada kuma neman manya ya hana ka kallon burtu yana takawa cikin ƙasaita a ƙonannen fili, ko cilakowa, ko carki a bayan ɓauna yana cire mata kaska.

In kun yi kiciɓis

Tsakaninku da giwa a bar aƙalla mita 50, mai ɗa kuma a ninka. Direba ya tsaya ta yadda gaban mota na duban mafita, kada ya shiga tsakanin uwa da ɗanta, kada ya tare musu hanyar ruwa. Giwar da ke ci tana kaɗa kunne a hankali fifita take yi. Wadda ta daina ci, ta ɗaga kai, ta baza kunnuwa, tana girgiza kai ko watsa ƙasa, gargaɗi take yi, sai a ja baya sannu ba tare da hon ba. Toron da ruwa ke zuba daga gefen kansa, fitsari na ɗiga a ƙafafunsa, yana cikin lokacin fushinsa, a ba shi hanya tun daga nesa.

Tsohon ɓauna da ya ware shi kaɗai ya fi garke haɗari. Dorina kuma jikinta na yaudara: a tudu tana gudun kusan kilomita 30 a awa, ta fi ka. Da dare take fita kiwo, da asuba ta koma ruwa ta turbar da ta saba, kuma wanda ya tsaya a kan turbar nan shi take takewa. Ba a sauka daga mota sai ɗan rakiya ya ce a sauka. Ba a alwala ko wanke hannu a bakin Gaji, akwai kada.

Biran sansani

Abin da zai fi ba ka wahala ba zaki ba ne, gwaggon biri ne. Na Wikki sun saba da mutane har sun raina su. Sun san leda, sun san kula, sun san yadda ake murɗa hannun ƙofa. Za ka ga babban namiji zaune a gindin bishiya yana sosa ciki kamar ba ruwansa da kowa. Ana buɗe but, mai jaka ya juya ya amsa sallama, kafin ya waigo burodi na saman rufi, ana yage ledar da haƙori.

Saboda haka a sauke kaya mutum biyu, ɗaya na ɗauka ɗaya na tsaro. Ƙofa da taga a sa sakata ko da kana ciki, gilashin mota a ɗage. Kada a riƙe leda a fili ko da takalmi ne a ciki. Kada a bar yaro ya fita da biskit ko lemo a hannu, don yara da mata suka fi tarewa. In biri ya kama abu, a sakar masa. Fiƙarsa ta kai ta kare, ja-in-ja da shi ne ke kawo cizo. Kada ka ƙura masa ido ko ka yashe masa haƙora, a wurinsa neman faɗa ne. Ba su abinci kuwa shi ya lalata su tun farko. Wanda aka ciza ko aka yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a kai shi asibiti a ranar don allurar cizon mahaukacin kare da ta tetanus. Gadu da ke kiwo a durƙushe tsakanin ɗakuna ba ya neman kowa, amma haurensa kaifi gare shi, kada yara su bi shi.

Ruwan Wikki da shirun dare

Wikki maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ce, ana gangarawa wurinta ta matakala daga sansani. Ruwan na fitowa daga ƙarƙashin wani dutse, zafinsa digiri 31.1 dare da rana, rani da damina, kuma kimanin lita miliyan 21 ke kwarara zuwa Gaji kowace rana. Faɗinsa kusan mita 13, zurfinsa ta wajen dutsen ya kusa mita 2. Garau yake har kana ƙirga yatsun ƙafarka a kan farin yashi, wannan ne ma ke sa wanda bai iya ruwa ba ya zaci ba zurfi. Shi da yara su tsaya can ƙasa inda ruwan bai wuce ƙugu ba, babba na riƙe da ido a kansu. Ba a sa sabulu, don ruwan da dabbobi ke sha ne a gaba. Kaya a bar mutum ɗaya a kansu saboda birai.

Mai son ya sami Wikki shi kaɗai ya je bayan dawowa daga fitar safe a ranar aiki, kafin masu yini ɗaya su iso. Da hunturu kuma da sassafe, lokacin da tururi ke tashi a kan ruwan. Iyalin da ke son mata su shiga cikin sutura ba idon maza, su yi magana da ma'aikata a nuna musu lokacin da ba kowa. Akwai wasu maɓuɓɓugan masu ɗumi a dajin, Dimmil da Gwan da Nawulgo, amma su sai da ɗan rakiya.

Shi kaɗaicin ma sai an ba shi dama. Ka sanar da gida da wurin aiki cewa ba za a same ka ba, ka ware lokaci ɗaya a rana na duba waya, sauran ka kashe ta. Lasifika ta zauna a gida. Idan janareta ya mutu da dare, ka zauna a barandar ɗakinka ba fitila, minti 20 ido zai saba, taurari su cika sama, kunne ya fara rarrabe kukan mujiya da na kura. A baranda dai, ba yawo ba. Ga masallata, tafiyar ta wuce mil 48 da malaman Malikiyya suka ƙayyade, don haka wanda bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba yana da damar ƙasaru. Ka tambayi alƙibla tun da rana, shimfiɗar salla kuma a kakkaɓe ta kafin a hau.

Dalilin kakkaɓewar shi ne kunama da maciji. Yankin Bauchi da Gombe gidan kububuwa ne, ƙarama ce amma dafinta na hana jini daskarewa, ga kasa da gamsheƙa. Kada ka taka waje da dare ba tocila ko da silifas, ka zazzage takalmi kafin ka sa. In tsautsayi ya faɗa, kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɓata lokaci wurin baƙin dutse. A cire zobe da agogo, a ɗaura wa ƙafar ko hannun sanda don kada ya motsa, a ɗauki mutumin a sa a mota. Maganin dafi na asibiti ne kaɗai ke aiki. Asibitin koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa yana Bauchi, asibitin da ya ƙware a saran maciji kuma yana Kaltungo ta jihar Gombe. Wanda ya ce ya ji sauƙi bayan saran kububuwa a kai shi duk da haka, zubar jinin kan biyo baya. In gamsheƙa ta yi tsartuwa a ido, a yi ta zuba ruwa na minti 15 kafin a tafi.

Tsakar rana da kwana na uku

Awannin zafi a yi su a gidan tarihin sansanin, inda aka ajiye haure da fatu da ƙasusuwa da tarkunan da aka ƙwace daga mafarauta. Mai kwana uku ya ba da safiya ɗaya ga kufan mutanen da suka zauna dajin kafin a keɓe shi: kogunan Marshall guda 59 da aka sassaƙa a jikin dutse, rijiyoyin Dukkey masu haɗe da juna ta ƙarƙashin ƙasa, da tsofaffin matoyar ƙarfe na Shau Shau. Ba a ɗaukar ko tsinke, ba a rubuta suna a jikin dutse, kuma duk ledar da ka shigo da ita ka fita da ita, don dabba na haɗiye ta.

In yara sun dage sai sun ga raƙumin dawa da jakin dawa, ba Yankari za a neme su ba. Suna gandun Sumu a ƙaramar hukumar Ganjuwa, wajen Kafin Madaki, inda aka zuba dabbobin da aka kawo daga Namibiya. Wannan ziyarar yini ɗaya ce daga Bauchi, a haɗa ta da ranar komawa ko washegari.

Bayan an dawo gida a duba jikin yara, bayan kunne da hammata da matsematsi, ko kaska ta maƙale. A cire ta da hantsaki daga gindin kanta, a ja a miƙe, ba a murɗawa. Duk wanda zazzaɓi ya kama cikin mako biyu ko uku ya je a gwada jininsa, ya kuma gaya wa likita cewa daga daji yake, kuma ƙudan tsando sun cije shi in sun cije shi.